Ɗamarar da Na Wanke

Ina cikin saka zare a allurar keke Nas ta faɗo shagona ba sallama. Ita ce babbar ɗalibar maƙwabciyata, a asibiti take aiki, shi ya sa kowa ke kiran ta haka.

"Goggo," ta ce, "Malama ta cika."

Na ce, "Wace Malamar?" Alhali Malama ɗaya gare mu a layin nan.

Ba zan ɓoye ba, kafin salati ya zo bakina, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne: ta tafi tana fushi da ni.

Bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da ɗakin da take koyar da karate, shekara ashirin da shida. Da ta kama wurin, tsohon sito ne na siminti. Ba a taɓa ganin mace na koyar da wannan abu a garinmu ba. Maza kan yi cirko-cirko a bakin taga suna dariya, mai faci ya laƙaba mata suna Mai Ihu, saboda ihun da suke yi in sun kai naushi. Da yara mata uku ta fara. Biyu iyayensu suka janye su, Nas ce ta tsaya.

Ni ma da faɗa muka san juna. Ina da jaririya lokacin, duk safiya sai ihunsu ya firgita ta. Rannan na shiga a fusace.

"Baiwar Allah, mutum ake yankawa a nan? Kin hana 'yata barci!"

Gajeriya ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ihu kam ba zan daina ba, Tela. Amma zan riƙa sanar da ke."

Washegari ƙarfe bakwai na ji an bugi bango sau biyu. Na goya yarinyar, na buga sau ɗaya, sannan suka fara. Yarinyar ta girma, ta shiga ajin, ta yi aure ta bar gari, bugun bango bai tsaya ba. Biyu nata, ɗaya nawa. Gaisuwarmu ke nan.

Ni ke ɗinka wa ɗalibanta fararen kaya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗamarar da take ɗaurawa a kugu. Wai baƙa ce, amma ta koɗe ta zama ruwan toka, gefenta duk ya zazzare.

"Yaya, wannan tsumman fa? Bari in ɗinka miki sabuwa."

"Ke dai ji da wandunan mutane," ta ce.

Bara ciwo ya kama ta. Ta rame, har ta koma koyarwa a zaune a kan kujerar roba, Nas na nuna wa yara da jiki kafin ta wuce aiki. Na fara kwasar mata wanki. Wata Laraba na ga ɗamarar rataye a ƙusa, na haɗa da ita. Na jiƙa ta, na sa sabulu da buroshi, sai da na sake ruwa sau uku kafin ya fita fari. Na yanke zaren da ya zazzare, na bi gefen da ɗinki, na goge. Na kai mata ina jiran a yaba.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon ta.

"Ta malamina ce, Tela. Daga kugunsa ya kwance ya ɗaura mini. Guminsa na ciki, nawa na ciki, shekara arba'in. Ba a wanke ta."

"Ni ina na sani? Kin taɓa faɗa mini?"

"Je ki," ta ce. Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Da ma ihun ta yi mini.

Washegari ƙarfe bakwai na zauna ina kallon bango. Shiru. Jibi ma shiru. A rana ta uku na kasa jurewa, tun bakwai saura na hau keke ina ɗinki ba tsayawa, don kada in ji shirun nan. Haka na yi ta yi. Kunya na hana ni shiga, zuciya kuma tana ce mini daga taimako sai ya zama laifi? Bayan kwana goma sha biyu aka kai ta asibiti. Na ce gobe zan je, in na gama kayan 'yan makaranta. Goben ce ba ta same ta ba.

Mako guda bayan an binne ta, Nas ta buɗe ɗakin. Mata suka cika shi har waje: 'yar sanda, masu shago a kasuwa, wata mai tuƙa bas, 'yata da cikinta. Kowacce ta cire takalmi, ta sunkuyar da kai a bakin ƙofa, ga kujerar roba ba kowa a kai. Mai faci ya tsaya a taga, ya tsufa, hularsa a hannu. Ni daga waje na tsaya. A kugun Nas na hango ɗamarar, da ɗinkina a gefenta.

Da aka watse na tare ta.

"'Yar nan, faɗa mini gaskiya. Ta yi maganata?"

"Kullum."

"To me ya sa ta daina buga mini bango?"

Nas ta zaro ido. "Kwana biyu kawai ta yi fushi, Goggo. Ran na uku ta ce in ja kujerarta jikin bango. Tana bugawa duk safiya. Hannun ne ba ƙarfi, da yatsu biyu take yi. Mu muna jin kekenki yana ta gudu."

Na dafa ƙofa.

"Na ce ta bari in buga mata, ta ce a'a, za ki gane ba hannunta ba ne. Na ce in kira ki, ta ce kada in kuskura, za ki amsa in kin huce."

"Ni? Ni ce zan huce?"

"A asibiti ta sa na kawo mata ɗamarar. Ta kai hanci ta ce, 'Sabulun Tela. Uwar shisshigi.' Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Sannan ta ja gefen da yatsa, ta ce, 'Amma dubi ɗinkin nan. Zai ƙara wata arba'in.'"

Na zauna a dakalin nan na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Nas ta ce daga gobe ita za ta riƙa buga mini. Na ce ta bari, zan gane.

Yanzu nakan buɗe shago da wuri, in share, in jera zare. In bakwai ta kusa sai in sauke ƙafata daga keke, in juya kujera. Nakan saurara sosai. Sannan in ɗaga hannu in buga sau ɗaya, in bar tafin a jikin bangon har sai yaran sun fara ihu.