Jadawalin Malam Ɗayyabu

…kuma ko kuskure ɗaya babu. Abin da ya tsaya wa Hafiza a rai ke nan. Tana zaune a ofishin shugaban makaranta a Kudan, kwamfutar shugaban, Malam Ɗayyabu, a kan cinyarta, tana ja ƙasa tana komawa sama — Litinin, Talata, aji ɗaya har shida — tana neman inda malami ɗaya zai faɗo azuzuwa biyu a lokaci guda. Babu. Ko ɗaya.

Wata takwas fa. Wata takwas ita da Yahya, abokin aikinta, a ɗan shagonsu na Ikara, janareto na tari, suna rubuta manhajar da ke tsara wa makarantu jadawalin darasi. Makarantu bakwai ke aiki da ita yanzu, wannan ce ta fara yarda da su. Shi kuwa dattijon nan da yake danna kwamfuta da yatsa ɗaya… wai ranar Asabar bayan la'asar ya zauna ya yi wa ƙirƙirarriyar basira bayani, da baki, da Hausa, kamar mai yi wa sabon malami nasiha. Kafin magariba ta haɗa masa tasa manhajar. Kafin magariba!

Ga sunan Malama Rumaisa, mai lissafi, wadda ke tasowa daga Nasarawan Doya a kan babur. Ba a sa mata darasin farko ba, ko rana ɗaya. Ya aka yi basirar ta sani? Wai tambayarsa ta yi: akwai malamin da ke zuwa daga nesa? Ita ta tambaya! Hafiza sai da zango guda ya wuce kafin ta gano wannan — damina, tana tsaye a bakin ƙofar nan, Malama Rumaisa jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, tana cewa wanda ya tsara jadawalin nan bai taɓa hawa babur ba… kunyar ranar har yau tana jin ta a wuya.

To, a duba ciki. Babanta, tela a Furana, in aka kawo masa riga juya ta yake yi, bai damu da adon waje ba. Tana buɗe rubutun manhajar. Subhanallahi. Layi-layi, tsaf, kowane sashe da ɗan bayaninsa, ba zare ɗaya da ke lilo. Nan, wurin da ya hana su sukuni mako uku, rabon awannin Juma'a — layi tara. Tara! Nasu ya fi ɗari biyu. Me ya sa ba su taɓa hango wannan hanyar ba? Ga ta a fili, mai sauƙi, mai kyau… wallahi mai kyau. Murmushi take yi? Murmushin me?

"Ya kika gani, 'yata? Akwai gyara?"

Ba gatse a muryarsa. Murna ce zalla, idonsa na ƙyalli bayan tabarau. Ita ya kira don ita ya yarda da ita. In ta ce babu, kafin sati ya zagayo sauran shugabanni shida sun ji, daga Makarfi har Saulawa — sai ta ce wa Yahya me? Shi da ya bar aiki a Kaduna ya dawo gida saboda maganarta. In ta ce akwai… ƙarya, ga mutumin da ya fara buɗe mata ƙofa?

"Ina dubawa, Baba."

Dole akwai wani abu. A da, kallo ɗaya take wa rubutu ta ji inda yake ɗingishi. A da. Yaushe rabon da ta rubuta shafi guda da kanta? Tun kafin azumi? Tun da su ma suka fara aiki da basirar nan, aikin mako ya koma na hantsi, suna dariya ita da Yahya, tana sa wa masu ƙirƙirar abin albarka… kuma har yanzu tana sa musu, ai gaskiya ce, abin ya iya.

Bari ta tambayi basirar. Ta liƙa mata rubutun, ta ce nemo mini aibinsa, minti ɗaya ya isa —

Hannunta ya riga ya shiga jaka, ya kama waya.

Wa za ta tambaya? Aikin wa?

A waje ana kaɗa ƙararrawa, yara na sauya darasi daidai yadda jadawalin ya tsara. Malam Ɗayyabu na jira. Wayar na da ɗumi a tafinta, ba ta fito da ita ba, ba ta kuma sake ta ba…