'Yan Tsana Kai Ƙasa

Shekarar da na cika sha bakwai, Inna ta ce in zaɓi ɗaya: ko in riƙe yaran ƙauye a haikali lokacin dashen shinkafa, ko in bi yayata Matsue masaƙa a birni. Matsue ta shekara biyu a can, kuma ba ta taɓa aiko wasiƙa ba tare da ta ambaci tari ba. Ni kuwa ko shago aka aike ni, nakan tsaya a bakin ƙofa har sai mai shagon ya gaji ya tambaye ni. Birni ba wurina ba ne. Na zaɓi haikali.

"Gwaji ne fa, Fumino," in ji Goggo Kikuno, matar malamin haikalin, wadda ta nemo ni. "In dattawa sun gamsu, a bar miki yaran har girbi, har baɗi. In ba su gamsu ba, to."

Dattawa a ƙauyenmu mutum ɗaya ake nufi, Kaka Gonzo mai rabon ruwan gonaki. Tun ina ƙarama in na hango malafarsa nake canza hanya.

Yara sha ɗaya aka ba ni, daga mai shekara biyu zuwa mai biyar. Iyayensu mata kan ajiye su a barandar haikali da sassafe, kowa da dunƙulen shinkafarsa a ganye, su wuce gona. Ba ni da littafi, ba ni da abin wasa na saye. Amma yara ba sa jiran ka iya magana, hannunka suke kallo. Mun yanka dankali mun sassaƙa masa fure, muna tsoma shi a ruwan baƙin tukunya muna bugawa a tsohuwar jarida. Mun naɗe jarida mun yi huluna. Na ɗinka 'yan jakunkuna na cika su da wake, manyan na cafewa, ƙananan na ɗorawa a ka su yi tafiyar agwagwa. Abin da suka fi so shi ne kwalekwalen ganyen gora: ka lanƙwasa bakin ganyen, ka tsaga shi uku, ka soka gefe cikin gefe. Kwana huɗu muna yi, har muka tara cikin kwando, na yi musu alkawarin ranar Asabar za mu sauka rafi mu sake su.

Shekarar nan ruwa ya makara. Gonakin ƙasa an dasa su da ɗan abin da rafi ke kawowa, na tudu kuwa sun tsage, irin shinkafa na ta yin ja a fangali. Maza na hawa dutse suna buga ganga suna roƙon ruwa. Duk na san wannan, don gonarmu ma a tudu take. Sai dai wanda ke tsakiyar yara sha ɗaya, ruwan da ya sani shi ne na sha da na wanke hanci.

Ranar Juma'a da la'asar hadari ya taso daga yamma, baƙi ƙirin. Daga gonaki muka jiyo mata na guɗa. A baranda kuwa kuka ne ya ɓarke.

"Gobe ba rafi!" in ji Heizo, jikan Kaka Gonzo, ɗan shekara biyar mai murya kamar ta babban mutum. "Yaya, kin yi alkawari!"

"Na yi."

"To mu yi teru-teru."

Duk wanda ya yi yarinta a ƙauyenmu ya yi teru-teru. Farar 'yar tsana ce, kai dunƙule, riga baje, a rataye ta a bakin rufi don gobe a yi rana. Ba a zana mata fuska sai ta cika aikinta. Kuka ya tsaya cak, ni kuma abin da na ji ke nan. Ban tuna da ganga ba, ban tuna da gonarmu ba. Na yayyaga wani tsohon farin ƙyalle gida sha ɗaya.

Audugar cusa kai ce ba mu da ita. Heizo ya ce a bar masa. Ya ɓace ta bayan shinge, ya dawo da rigarsa cike da ɗanyun 'ya'yan itacen ume, ƙanana masu tsami, irin waɗanda ake jiƙawa da gishiri. Kowa ya ɗauki ɗaya ya naɗe a ƙyallensa, ni ina ɗaure wuya da zare. Sau uku ina zaro ume daga bakin Tome, 'yar shekara uku da ba ta yarda da abu sai ta ɗanɗana.

Da na rataye ta farko, sai ta kife, kai ƙasa riga sama. Ume ya fi ƙyallen nauyi. Yara suka fashe da dariya, amma Heizo ya daka tsalle.

"Yaya, gyara ta! In ta kife ruwa take kira!"

Gaskiyarsa. Na ɗebo ragowar shinkafar rana, na murje ta, na manna kan kowace 'yar tsana a jikin zarenta. Suka tsaya kyam su sha ɗaya, kai sama. Kafin iyaye su zo ɗaukar yara, hadarin nan ya zagaya ta bayan dutse ya tafi abinsa. Ko ɗigo bai bari ba.

Washegari ban kai ga baranda ba, Goggo Kikuno ta tare ni a ƙofar baya, hannunta duk gari.

"Ke me kika yi jiya?"

"Mun yi wasa, Goggo."

"Wasa! Heizo ya je gida yana bugun ƙirji, wai ku kuka kori hadari. A gaban kakansa, ana cin abinci! 'Yan tsanar rana, a haikali, a irin wannan shekara? Je ki cire su, maza!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na ruga, amma ina. Ina zagayowa ta wannan kusurwa, Kaka Gonzo na zagayowa ta waccan, da maza biyu a bayansa, da Heizo a hannunsa. Duk muka ɗaga kai tare.

'Yan tsana sha ɗaya, duk kai ƙasa. Tsuntsaye sun riga mu zuwa, sun tsince shinkafar tas. Ɗaya ma na kan rufi yana goge baki.

Goggo Kikuno ce ta fara dawowa hayyacinta.

"To ka gani, Kaka?" ta ce, tana murmushi. "Ruwa yarinyar nan take kira muku. Dubi, har sha ɗaya. Yaro ne bai gane ba." Ta mintsine ni a baya, wato in yi shiru.

Shiru kuwa ba a koya mini shi. A duk ƙauyen ba wanda ya fi ni iyawa. Na sunkuyar da kai, na ji masaƙa na yin nisa.

Kaka Gonzo ya dubi 'yan tsanan, ya dubi jikansa, ya kama kunnensa.

"Kai ɗan banza, ƙarya ka yi mini? Ka sa na baro madatsa da sassafe, na tara mutane?"

"Ba ƙarya ba ce! Kai sama muka yi su! Yaya, gaya masa!"

Bai yi kuka ba. Kallona kawai yake yi, kunnensa ja wur. Sauran yaran sun fara isowa, suna laɓe a bayan iyayensu mata, su ma ni suke kallo.

"Kaka," na ce.

Ba wanda ya ji. Na sake cewa.

"Ɗaga murya, 'yar nan, ni ba sauro ba ne."

"Gaskiya ya faɗa. Na rana muka yi. Ni na yaga ƙyallen, ni na rataye. Na yi musu alkawarin rafi ne, suka yi kuka, na manta da gona. Kan ne ya yi nauyi, na manna da shinkafa, tsuntsaye suka cinye."

Tun da aka haife ni ban taɓa jera magana mai tsawon haka a gaban namiji ba. Goggo Kikuno ta ce "Wayyo ni," ta zauna a bakin baranda.

Kaka Gonzo ya saki kunnen. Ya matsa, ya sa sandarsa ya taɓa wata 'yar tsana, ta yi lilo.

"Me kika cusa a ciki da ya yi nauyi haka? Dutse?"

Bai jira amsa ba, ya kwance wuyanta. Ume ya gangaro tafin hannunsa, kore, gefe ɗaya da ɗan ja. Ya juya shi, ya sake juyawa. Bishiya ɗaya ce a ƙauyen ke yin ume mai jan kumatu, kuma kowa ya san a bayan gidan wa take.

"Heizo."

"Da kansu suka faɗo, Kaka."

"Da kansu?"

"Da na girgiza."

Ɗaya daga cikin mazan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ɗayan bai ɓoye ba.

"Ashe da hannunka a ciki, Kaka," ya ce. "Ƙyallen haikali, ume naka."

"Rufe mini baki, Yasuji. Kai da ka buɗe madatsa ran Talata ka ce kaguwa ce." Ya juyo gare ni. "Shekara talatin ina rabon ruwa. Duk ɓarnar da na tarar, kaguwa ce, ko iska, ko maƙwabci. Yau dai na ga ɓarna mai uwa." Ya ɗaga umen. "Amma ki sani, wannan ya fi ki hankali. Ke kin ce rana, shi ya ce ruwa."

"Haka ne, Kaka."

"Haka ne, Kaka," ya kwaikwaye ni da siririyar murya. Ya miƙo mini umen da ƙyallen. "Mayar da ita. Kar a gyara ko ɗaya. Yara nawa gare ki?"

"Sha ɗaya."

"Sun yi kaɗan. Kowa ya ƙara bibbiyu. Zan aiko da kwando, tunda dai ɓarawon gida ya riga ya nuna hanya." Ya gyara malafarsa, ya kama hanya, sannan ya tsaya. "Kikuno, a bar mata su har girbi. Ke kuma, in kin sake ganin hadari, zaunar da su a kan hannuwansu."

Ranar ba mu je rafi ba, aiki ya yi mana yawa. Kafin yamma 'yan tsana talatin da uku na lilo a bakin rufin haikali, ƙafa sama. Mata masu dawowa daga gona suka tsaya suna dariya, har da Inna, wadda ta riga ta ji labari ta bakin mutum huɗu.

Ruwan bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Sai ran Talata da hantsi ya sauko, ya kwana biyu yana zuba. Malamin haikali ya ce addu'arsa ce. Maza suka ce ganga ce. Heizo ya ce shi ne, kuma bai fasa faɗa ba har ya shiga makaranta.

Da ya ɗan tsagaita, ruwan rufi ya yi ƙorama a tsakar haikali, daga matakala har ƙofa. Na fito da kwandon kwalekwalenmu. Sun bushe sun yi ƙwaf-ƙwaf, muka tsinko sabon ganye. Muna tsugune Kaka Gonzo ya zo wucewa cikin rigar ruwansa ta ciyawa, taɓo har gwiwa. Ya tsaya a kaina.

"Wa ya koya miki tsaga ganye haka? Shi ya sa suke kifewa. Komai naki kifewa yake yi."

Ya jingine sandarsa, ya tsuguna tsakanin Heizo da Tome, ya miƙo hannu.

"Ba ni ganye ɗaya. Ke kuma, Tome, tofar da wannan."