Bugu na Biyar

Makaɗa biyu ne a gidanmu na Umdurman, a ƙasar Sudan, kuma babu wanda ya taɓa riƙe ganga a cikinsu. Na farko Kawu Ibrahimu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda tun farkon mulkin soja yake haɗa kiɗan hip hop da rediyo mai kaset biyu, da reza, da salatif. Yakan yanko gaɓar kiɗa ya liƙa, ya yi ta maimaita ta har ta kai tsawon waƙa. A bayan kowane kaset sai ya rubuta "wa'azi", saboda masu binciken da ke ƙwace kaset ɗin kiɗa a hanyar kasuwar Suk al-Arabi. Na biyu yayana Jibrin, wanda a shekarar 2007 ya kinkimo tsohuwar kwamfuta ya girke a ɗakinsa. Aikin da Kawu ke shafe mako yana yi, shi yakan gama kafin shayi ya huce.

Daga ranar musu ya tare a gidanmu. Kawu ya ce kiɗan da mutum bai yanke yatsa a kansa ba, ba na gaskiya ba ne, zane ne kawai a allo. Jibrin ya ce rabin kiɗan Kawu ƙarar iska ce, sauran rabin kuma salatif. Ni Fatna, da nake kai musu abinci, na gaji da su duka biyun, don damuwata tana tsakar gida.

Kakarmu Bakhita, mahaifiyar Kawu, wadda muke kira Habboba, ɓarin jikinta na dama ya shanye bayan azumin bara. A lungunmu ba a aika wa mace ta zo shan gahawa, turmi ne ke kiranta. Kowace uwar gida tana da salon dakanta, maƙwabta kuma sun san na kowa. Na Habboba bugu huɗu ne a cikin ƙaramin turmin gahawa, na biyar a bakinsa, ƙwas. Shekara arba'in, da an ji shi bayan la'asar mata suke yafa mayafi su shigo.

Da ta kwanta, an yi ta zuwa dubiya, sannan ƙafa ta ɗauke. Ba rashin kirki ba ne, gahawar da ba a kira mutum ba ce ba ya zuwa. Na gwada kwaikwayon dakan nata, sai Hajja Awadiyya, aminiyarta ta gidan da ke jikin namu, ta tambaye ni ko kafinta muka kawo. Kullum bayan la'asar Habboba takan sa in juyar mata da gado ya fuskanci ƙofa, ta zuba ido har magariba. Abin yana ci mini rai, ba kaɗan ba.

Wata Juma'a musun ya kai su ga yin gasa. Kawu ya tono wani kaset na 1994 da ya naɗi dakan Habboba a ciki, aka ce kowa ya gina kiɗa a kansa, ita kuma ta yanke hukunci. Jibrin ya juye kaset ɗin a kwamfuta, ya miƙa wa Kawu abinsa. Kawu ya sayo sabuwar reza, ya rufe ƙofa kwana shida, ya fito da filasta a yatsu biyu yana nuna wa kowa.

Ranar hukunci aka fito da kayan tsakar gida. Na Kawu aka fara sawa, daka yana tafiya huɗu-huɗu a cikin shuuu ɗin kaset, shi kuma yana gyaɗa kai ido rufe. Na Jibrin ya biyo baya, tas da shi, da wata ganga mai nauyi a ƙasa da ta sa kofuna rawa a faranti. Habboba ta saurari duka biyun ba ta motsa ba.

"Wace ce wannan," ta ce, bakinta a ɗan karkace, "take daka kamar soja a fareti?"

"Ke ce, Yumma," in ji Kawu, don haka yake kiran mahaifiyarsa.

"Ni ban san ta ba."

Nan fa na sauke musu abin da ke cikina. Na tambaye su ina bugu na biyar, na bakin turmi. Kawu ya sosa ƙeya ya ce hip hop huɗu-huɗu ake ƙirga shi, na biyar ɗin yana ɓata lissafi, shi ya sa ya bi shi da reza ɗaya bayan ɗaya. Jibrin ya ce shi ya zaci wani ne yake ta bangazar rediyon lokacin naɗi, sai ya goge, ya kuma daidaita sauran bugun su zauna a layi. Shekara guda suna gardama a kan wane ne na gaskiya, abu ɗaya da suka taɓa yin ittifaƙi a kai shi ne cire tsohuwa daga dakanta.

Kaset ɗin asali ya riga ya zama gutsattsari a ƙasan gadon Kawu. Amma abin da Jibrin ya juye tun farko yana nan a kwamfuta, bai taɓa shi ba, don a kan kwafinsa ya yi aiki. Na ce ya sa wannan, yadda yake, kada ya ƙara kada ya rage. Ya ce ai wannan ba kiɗa ba ne, ba wanda zai iya ɗora waƙa a kai. Na ce ba waƙa na tambaye shi ba. Na ɗauki lasifikar da kaina na ɗora a kan katanga, don an riga an sallame la'asar.

Daka ya tashi, da ƙarar iskarsa, da kukan wani zakara da aka cinye tun ina goye. Huɗu a ciki, ƙwas a baki. Wani wuri ta yi sauri, wani wuri ta ja, har da inda ta tsaya ta yi wa wata magana ta ci gaba.

Ba a yi minti biyar ba ƙofa ta buɗe. Hajja Awadiyya ce, mayafi a baibai, ƙullin citta a hannu kamar yadda ta saba kawowa, tana haki.

"Bakhita, hannun ya tashi?"

Ta ga hannun a kwance kan cinya, ta ga lasifika a katanga, ta tsaya. Na ji tsoro kada ta ce mun yi mata wasa da hankali. Sai ta goge ido da bakin mayafi, ta zauna a gefen gadon, wurin zamanta na dā, ta ce mini tunda an kira ta ai sai in hura gawayi. Kafin ruwa ya tafasa mata huɗu sun ƙaru.

Can gefe Kawu yana raɗa wa Jibrin cewa kaset ne ya yi nasara, Jibrin yana tambayarsa wane kaset, na ƙarƙashin gado? Habboba ba ta bi ta kansu ba. Tana riƙe da kofi da hannun hagu, tana sauraron labarin auren da aka yi wata uku ba wanda ya ba ta. Sai da baƙi suka miƙe ta kira yayana.

"Jibrin, ya waladi, ɗana, gobe bayan la'asar kada ka je ko'ina."