Tsiron Gwangwani a Gidan Baƙi

Tun shekarar da aka kai hari Bosso, Malam Zailani mai sayar da bandar kifi ya kwaso iyalinsa zuwa Difa, ya ce kwana biyu za su yi. Kwana biyun nan ne har ƴarsu Hasna, wadda aka shigo da ita a goye, ta kusa gama lakwal ɗin firamare.

Matarsa Balkisa ta sha wuyar wannan baƙunta. Ta nemi dasa mangwaro a filin da suka samu a bayan gari, ya ce wa zai sha? Ta nemi a shafe ɗaki da siminti, ya ce baƙo ba ya gyara masauki. Agogon bangonsu ma yana cikin kwali, don buga ƙusa a wurin Malam kamar cin amanar Bosso ne.

Wata maƙwabciya ƴar Yamai, ma'aikaciyar wani furoje na agaji, da za ta tashi sai ta bar wa Balkisa ɗan tsiro a gwangwanin tumatir, mai ganye masu kauri a zagaye kamar ƙaramin kabeji. Malam ya juya shi, ya tabbatar ba a miya da shi, ba ya maganin komai, sannan ya yi masa izinin zama, tunda gwangwani abin ɗauka ne ranar tafiya.

Balkisa ta ajiye shi a inuwar randa, ta sa masa suna mai-goyo, don ba ya gajiya da fito da ƴaƴa a gefensa, kowane maƙale da siririn zare. Ta gane kansa. A tsinke ɗan, a bar shi a inuwa har bakin ciwon ya bushe, a ɗora shi kan yashi da tsakuwa, ruwa kuwa sai an ga dama. Wata matar manomin tattasai ta karɓi ɗaya ta yi masa ban ruwa irin na bakin kogin Komadugu, ya ruɓe, ta dawo tana cewa an ba ta maras albarka. Gwangwanayen sardin da Balkisa ke dasa ƴaƴan a ciki suka yi layi a gindin katanga. Malam kan wuce ya ce madalla, wasu na noman tattasai, su suna noman gwangwani.

Rannan ya shigo da labarin cewa hanyar Bosso ta yi sauƙi, ya yi magana da mai kamiyo, wato babbar motar kaya, a ɗaure kaya. Balkisa dai ta riga ta yi wa Bosso kuka ta gama. Hasna kuwa jarrabawa ce a gabanta, kuma garin da ake ce mata nasu ne ko a mafarki ba ta san shi ba.

"Malam, a bari yarinyar nan ta gama mana," in ji Balkisa.

"Me muka dasa a nan da zai riƙe mu? Ga dukiyarki ma, hannu ɗaya ya ishe ta."

Ya sunkuya ya fizgi gwangwanin farko don ya nuna mata. Gindin da tsatsa ta cinye ya zube. Uwar tsiron, wadda ta yi fure ta bushe tun bara, ta taho a hannunsa ƙamas. Ƴaƴan kuwa sun daɗe da tsallake bakin gwangwani, sun kafa saiwa a ƙasar Difa, ba wanda ya nemi izininsa.

Ya daɗe a tsugune, Hasna na tsaye a kansa da jakar lakwal. Can ya ce ai ana iya tumɓuke su.

"Ana iyawa," in ji Balkisa. "Sai dai ba duka ke kamawa ba."

Shi kaɗai ya bi kamiyon, wai zai duba gida tukuna. Da ya dawo, fuskarsa kaɗai ta gaya wa Balkisa cewa babu gidan komawa. Ta tanadi baƙar magana ta shekaru, amma da ta ga yadda ya zauna a kan tabarma da takalmansa a ƙafa, sai tausayi ya rufe mata baki.

Washegari da hantsi tana tsinke ƴaƴan mai-goyo, ta ji ana buga ƙusa a cikin ɗaki.