Kasaken Rufin Gidan Gandu

Da gwamnati ta miƙa wa jikokin bayi tsohon gandun rake na Massaranduba, har da babban gidan masu gandun, ƙauye ya rabu biyu. Wasu suka ce a gyara gidan yara su ga tarihi. Anacleto kafinta ya ce tarihin uban wa? Gidan da aka zane kakanninsa a ƙofarsa, shi za a shafa wa farar ƙasa?

Bai jira taro ba. Ya san ginin ƙasa ne, a kware rufin kawai, damina ta ƙarasa aikin. Ya jingina tsani ya hau sauke kasaken yumɓun da aka rufa gidan da su.

Ya kware ɓangare guda ke nan sai ga gwaggonsa Zulmira tana dogara sanda.

"Kai, sarkin zafin kai, kawo min guda biyu nan."

"Gwaggo, matsa kar wani ya faɗo miki."

"Na ce kawo!"

Ya kawo yana ƙunƙuni. Ɗaya faffaɗa, ɗaya siriri.

"Ka taɓa ganin na kamfani sun sha bamban haka?" in ji ta. "Kakata ta ce a cinyarsu bayi suke lanƙwasa yumɓun tun yana ɗanye. Zauna ka gwada."

Ya kifa faffaɗan a cinyarsa, ya zauna har da sarari. Wani ƙato ne ya yi wannan. Siririn kuwa ya ƙi shiga sam, da ƙyar zai rufe damtsensa. Wannan kam cinyar yaro ce.

Ya ɗaga kai ya dubi rufin, layi bayan layi har ƙarshen gini. Ikon Allah! Maza ne, mata ne, yara ne, ba kabari ba suna, amma ga su nan jere, shekaru aru-aru suna tare ruwa. Tunda yake bai taɓa jin ƙanƙantar kansa haka ba.

"Mai gandu ko laka bai taɓa ba," in ji tsohuwar. "To aikin wa kake rushewa?"

Iska ta kaɗo da ƙamshin ruwa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Anacleto ya zabura.

"Gwaggo, kira mutane! Kowa ya fito mu mayar da rufin nan!"

"Au, yanzu kuma?"

Ya riga ya kama tsani. Yayyafi na dukan bayansa, siririn ya fara mayarwa, da hannu biyu, kamar mai kwantar da jariri.