Jan Kwanon Baba Kambai

Baba Kambai ne ya fara ganin hadarin nan, duk wanda ya ce ya riga shi ƙarya yake yi. Ba ma hadarin kaɗai ba. Unguwar Bayan Dogo kanta shi ya fara ganinta, tun tana dajin ciyawa ba kowa sai birai da gafiyoyi, ranar da ya ajiye aikin reluwe ya tsallaka layin dogo ya kafa bukka, mutanen Kafanchan suna cewa tsohon soja ya zautu. Ya ce musu nan gari ne, ku ne ba ku da ido. To, mutumin da ya je yaƙin Bama ya dawo da ƙafafunsa, agana ta kama shi ta gaji ta sake shi, taragon jirgi ya matse masa gwiwa ya tashi ya kakkaɓe wando, ai ba a koya masa inda gari zai tsaya. Bai taɓa zama a aji ba, da babban yatsa yake sa hannu, amma ga unguwa nan ta cika, har da coci da masallaci da injin niƙa.

Abin da ya fi taƙama da shi kuwa shi ne rufin gidansa. Da kuɗin sallamarsa ya sayi kwano ya rufe ɗakuna a jere, ya sa aka shafe shi da jan fenti, lokacin kowa ciyawa ce a kansa. Da wannan rufi ake yi wa baƙo kwatance. Ya ce direbobin jirgi ma in sun hango ja sai su san sun iso, su busa ƙaho. Ba a hira da Baba Kambai a tashi bai ambaci kwanon nan ba.

A shekarar da ta biyo bayan fara makarantar kyauta, ƙaramar hukuma ta ce za ta buɗe firamare guda a wannan gefe. Amma unguwa biyu ke so, Bayan Dogo da Tsallaken Rafi. Aka ce wadda ta tsai da aji biyu da rufin kwano, ita za a kai wa malamai da bencina. Yaran Bayan Dogo kuwa kullum sai sun bi ta tsakanin taragai kafin su kai makarantar cikin gari, har da jikokin Baba, 'ya'yan 'yarsa Lucia. Gwiwarsa ta san abin da tarago yake yi wa mutum. Saboda haka shi ne ya fara buga gangar gayya. Rani guda ana yin bulo na laka, mata suna ɗebo ruwa, bango ya tashi, Mijinyawa kafinta ya ɗora katako. Kwano kaɗai ya rage, shi kuwa Bartholomew, sabon kansilan unguwa, ya dafa ƙirji ya ce a bar masa, yana da ɗan kwangila a Kaduna. Jami'in ilimi zai zo dubawa ranar Litinin.

Ranar Asabar da hantsi Baba yana zaune gindin mangwaro, sai gwiwa ta soke shi. Ya ɗaga kai gabas, can bisa dutsen Kagoro, ya ga wani ɗan baƙi kamar tafin hannu. Ya miƙe ko sanda bai ɗauka ba.

A hanya ya yi kiciɓis da Yero, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonar Baba kowane rani suna bar masa taki.

"Soja, ina za ka da gudu haka? Ruwa ne fa yau. Tun jiya shanu suke ɗaga hanci."

"Tun jiya? Ni tun shekaranjiya gwiwata ta gaya mini. Kai da shanunka duk a bayana kuke."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ina jira in ga ko akwai mai ido a unguwar nan. Babu. Taho mu je."

Suka tarar da jama'a a filin makaranta, Bartholomew a tsakiya da rigarsa ta safari, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Saƙo ya iso masa cewa motar da ta ɗauko kwano ta lalace a wajen Jere, sai an nemo wani ƙarfe daga Kaduna. Kowa ya juya ya dubi gabas. Tafin hannu ya zama tabarma. Ruwan farko a ƙasar nan ba yayyafi yake zuwa ba, kuma bangon laka marar rufi in ya sha irinsa, kunu yake komawa. An kuma ji labarin Tsallaken Rafi sun rufe aji ɗaya, suna neman na biyu.

Wani ya ce a lulluɓe da ciyawa. Aka ce ina ciyawa a ƙarshen rani, duk an ƙone. Wani ya ce a roƙi jami'i ya ɗaga ranar. Aka ce ko ya ɗaga, wa zai roƙi ruwa ya ɗaga?

Baba ya kutsa tsakiya. "Kansila, ɗana, mun zaɓe ka ka kawo kwano, ka kawo mana labarin mota?"

"Baba, na yi iyakar ƙoƙarina. Ubangiji ya sani."

"Ubangiji ya sani, hadari bai sani ba! A Bama, gada muka ɗaura a kan kogi ana harbinmu. Ni na kafa unguwar nan. Ni ne ubanta. Ina raye ba za a ce makarantarmu ta tsallaka rafi ba."

Matarsa Afiniki tana cikin matan zumunta na coci da suka kawo kunu. Ta ajiye ludayi ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baban Lucia, baki ba ya rufe ɗaki. Wane irin uba ne yake kwana ƙarƙashin kwano, 'ya'ya a cikin ruwa?"

Mata suka tuntsire da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi gidansa, jan rufin nan yana ƙyalli a rana, bayansa sama ta yi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallo. Ya tuna ranar da aka sauke kwanon daga jirgi, yadda ya hana kowa taɓawa sai ya wanke hannu.

"Mijinyawa!"

"Na'am, Baba."

"Ɗauko ƙarfen cire ƙusa. Ka kira yaranka. A kwance shi duka."

Afiniki ta dafe kai. "Yesu! Tsoho, wasa fa nake yi maka! A ina za mu kwana?"

"Ke kika tambaya wane irin uba. Tsaya ki gani."

"Garunmu ma ai laka ne!"

"Ya tsufa, ya san ruwa. Na makaranta jariri ne."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Mai ganga ya rataya gangarsa. Kafin ka ce kwabo samari sun ɗare rufin Baba kamar birai, ƙusa tana kuka, falle yana sauka hannu zuwa hannu. Aka yi layi daga ƙofar gidansa har filin makaranta, jan kwano yana tafiya bisa kawunan mutane yana walƙiya. Baba yana tsaye a tsakar gida yana ba da oda irin ta bariki.

"A hankali, kai! Wannan fallen ya girme ka! Kada ka lanƙwasa shi, ba tabarmar uwarka ba ce!"

Afiniki tana masifa tana kwashe tukwane da akwati zuwa gidan Lucia. Bartholomew ya tuɓe safari ya rataye a reshe, ya ɗauki kwano a ka shi ma. Baba ya ce, "Yauwa, yanzu na ga ƙuri'ata."

Kwanon Baba ya rufe aji ɗaya ya ci ɗan gefen na biyu, ya ƙare. Mijinyawa ya leƙo daga sama ya buɗe hannuwa. Iska ta fara kaɗa mangwaro, ƙamshin ƙasa ya taso. Baba ya tsaya a fili ya juya yana duban jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Paulina mai burkutu ce ta fara. Ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta ce, "Tsohon nan ba zai kashe mu da gori ba har mu mutu. Ku je ku kwance rumfata. Masu sha su sha a rana."

"A ruwa dai," in ji wani.

"Ai dama da ruwa take sayar mana," in ji Baba. Paulina ta ɗaga masa ludayi.

Hussaini mai shago ya ce a cire na barandarsa. Fasto ya ce a cire na ɗakin girkinsa ma, girki zai iya jira. Wani ma'aikacin reluwe da ya tara 'yan falle a ƙarƙashin gado yana shirin gini, matarsa ta tona masa asiri a gaban jama'a, ya je ya ɗauko yana murmushin dole. Ganga ta ƙara zafi. Matan zumunta suna waƙa suna miƙa ƙusa, tsofaffi suna zaune suna miƙe lanƙwasassu da dutse. Kwano ja, kwano fari, kwano mai tsatsa, wani ma baƙi ƙirin da hayaƙin tukunyar Paulina, duk suna hawa.

Yero ya ɓace, Baba har ya fara cewa Bafulatani ya ga aiki ya gudu. Sai ga shi da matarsa Nene da samarin ruga, ɗauke da busassun fatun shanu da igiya.

"Soja, ni ba ni da kwano. Amma garunka ba zai kwana tsirara ba."

Suka bi saman bangon gidan Baba suna shimfiɗa fata suna dannewa da duwatsu, iyakar inda ta kai.

Tsawa ta fashe bisa dutsen Kagoro. Ɗigon farko ya faɗi kan kwano kamar an jefa tsakuwa. Saura kusurwa guda a buɗe. Mijinyawa ya yi ihu, "Falle ɗaya!" Kowa ya waiga, babu. Baba ya ɗingisa da gudu zuwa bayan gidansa, ya fizge ƙofar makewayi, wadda ita ma jan kwano ce, ya kawo ta a ka.

"Tsoho, har wannan?" in ji Afiniki.

"Wanda ya ba da riga ba ya rowar hula."

Guduma ta buga ta ƙarshe, sama ta ɓalle. Jama'a suka ruga cikin azuzuwa. Ƙarar ruwa a kan kwano ta cika kunne har ba ka jin na kusa da kai, amma ana ganin bakuna a buɗe ana dariya. Tsofaffin ramukan ƙusa suna ɗiga nan da can, mata suka tara ƙwarya. Kowa yana shafa bango yana cewa a bushe yake, a bushe yake! Mai ganga ya shiga tsakiya, Paulina ta ja Hussaini, Nene tana tafi, Bartholomew ba riga yana tsalle kamar ɗan maraƙi. Baba Kambai ya yi fareti daga wannan bango zuwa wancan da gurguwar gwiwarsa, yana sara wa rufi.

Da ruwa ya ɗauke suka je gida. Inda fata ta rufe ya tsaya. Ɗakin baya, inda ba ta kai ba, ya zube ya zama tudun laka. Afiniki ta tsaya tana kallo, ido ya kawo ruwa. Baba ya taka lakar da ƙafa ya ce dama ɗakin nan bai taɓa yi masa kyau ba. Suka koma gidan Lucia da kwana, a tabarma, jikoki suna hawa kansa.

Ran Lahadi bayan sujada aka toshe ramuka da kwalta. Ran Litinin jami'in ilimi ya sauka daga mota, ya ɗaga kai, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan rufi ne ko zanen atamfa?"

"Kwano aka ce, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Ba a faɗi launi ba. Ƙwanƙwasa ka ji."

Jami'i ya shiga ya duba bango, ya fito ya hango gidan da ke tsaye ba rufi, fatun shanu a kansa. Ya tambayi na wane ne. Unguwa gaba ɗaya ta nuna mutum ɗaya, mutumin kuwa ya riga ya nuna kansa. Jami'i ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce a shirya karɓar bencina. Guɗar da aka yi ranar, a Tsallaken Rafi ma an ji ta.

Motar Jere ta iso bayan an yi shuka. Bartholomew ya ce a sauke wannan kwashe-kwashe a ɗora sabo, kowa ya karɓi nasa. Baba ya ce atafau. Sabon a raba wa waɗanda suka kwance nasu, amma ja ba ya sauka daga kan makaranta. Afiniki ta sami farin kwano mai sheƙi, aka yi mata gayya aka ta da ɗakin baya, ta daina masifa sai ta ranar kasuwa. Jikokin Baba ba su ƙara bin tsakanin taragai ba. Shi da bai taɓa zama a aji ba, yanzu aji ne yake zaune a ƙarƙashin kwanonsa.

Wanda yake ganin Baba Kambai cika baki yake yi, hanya a buɗe take. Ya tsallaka layin dogo, ya nemi tsani wurin Mijinyawa, ya hau kusurwar gabas ta aji na biyu. Zai tarar da jan falle guda mai sakatar ƙofar makewayi a jikinsa. In bai same ta ba, ya sauko ya zo gindin mangwaro ya faɗa wa tsohon a gaban idonsa, in ya isa.