Ƙafar Teburin Madam Esta

Mahaifina, Baba Ndatsu, ba ya sakin aiki daga shagonsa na unguwar Kpakungu a Minna sai ya ɗora ƙarfe a wuta ya ƙona sunansa a jikin katakon. Shekara talatin da huɗu yana haka tun zuwansa daga Bida. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba, sunan nan shi ne duk abin da ya tara. Ni Rukayat, shagon ɗinkina na jikin nasa, don haka a idona komai ya faru.

Ranar wata Talata da hantsi Madam Esta ta sauka daga keke napep da ƙullin leda a hannu. Tsohuwar shugabar makaranta ce, tana zaune a unguwar Shango, kuma har yau in ta buɗe baki sai ka ji kamar ɗalibai ɗari biyar ne a gabanta. Shekara uku da suka wuce Baba ya yi mata teburin cin abinci na madaci. Ta kwance ledar, ta zazzage a kan bencinsa. Wani gari ne mai tsaba-tsaba kamar yashi.

Ta ce, "Baba kafinta, ga aiki naka. Kullum ina share wannan a falo. Gara ne, kuma a cikin katako naka ya zo."

Masu walda da ke maƙwabtaka da mu suka kashe inji, mai shayin bakin titi ya miƙo wuya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ajiye almakashi na taso, Baba ya dakatar da ni da ido.

Ya ce, "Madam, gara ai daga ƙasa take hawowa."

Ta ce, "Shi ya sa na ce naka ne. Duk kaya na falo, ƙafa nashi yana cikin gwangwani na baƙin mai. Ta ina zai hau? Ka sayar mini da ruɓaɓɓen katako, ka sa suna a kai."

Duk Minna haka muka sani: gara tana gina hanyar laka a bango, in ka tare mata ƙasa ka gama da ita. Saboda haka maganar Madam ta shiga kunnen mutane. Kafin azahar wani alhaji da ya ba da aikin ƙofofi ya aiko a dakata tukuna.

Baba bai ci abincin rana ba. Ya murza garin nan tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ce ba laka a ciki. Sai ya ɗauki zarto ya ce in raka shi Shango. Tsado mai walda ya biyo mu, wai shaida, amma ni na san gulma ce ta kawo shi.

Falon kuwa kamar wurin gyaran mota, kowace ƙafar kujera tana tsaye cikin gwangwanin tumatir cike da baƙin mai. Baba ya duba bango, babu hanyar laka ko ɗaya. Ya durƙusa, ya kara kunne a teburinsa, yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe a haka, Madam tana tsaye ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Ƙwanƙwasa ba shaida ba ne."

Ya ce, "Gaskiyarki."

Ya kifar da teburin, ya zaɓi ƙafar da sunansa yake, ya ɗora zarto. Na san kwana nawa ya yi yana sassaƙa ƙafafun nan, kuma na san in aka ga rami ko ɗaya a ciki, gara ko ba gara ba, shagon ya mutu. Ya yanka a hankali har ƙafar ta faɗo. Cikinta ja wur, a cike, ko hudar allura babu. Ya miƙa wa Madam, ta juya ta, ta sake juyawa.

Daga nan ya bi garin da ke ƙasa da ido har gindin wani dogon kabad mai gilashi da ke kusurwa, sai ƙyalli yake. Ya tambayi inda aka samo shi. Ta ce ɗanta ne ya saya a Legas, cikin kayan gwanjo da ake saukewa daga jirgin ruwa, kuma wannan ba irin aikinmu na nan ba ne. Baba ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, kabad ya amsa kamar ganga.

Ya ce, "Madam, wannan ba ya bukatar zarto. Danna nan da yatsanki."

Ta danna. Yatsan ya shige har gaɓa ta biyu, garin ya zubo, ga ƙananan fararen ƙwari suna motsi a ciki. Fenti ne kawai ya riƙe kabad ɗin a tsaye. Tsado ya yi salati ya ja da baya.

Baba ya ce ya taɓa ganin irin wannan garar sau ɗaya a wani gado da aka kawo daga kudu. Ba ruwanta da ƙasa, ba ruwanta da laima. A busasshen katako take kwana, a nan take ci, garin nan kashinta ne take turowa ta ƙananan ramuka. In ta yi fiffike sai ta tashi ta nemi wani katakon, har na rufin ɗaki. Ya sa aka fitar da kabad aka ƙone, sauran kayan aka naɗe su da baƙar leda aka shanya a tsakar gida kwana huɗu cikin zafin Maris. Shi da kansa ya hau rufi ya saurari kowane katako. Teburin kuma ya yi masa sabuwar ƙafa.

Ranar Asabar sai ga keke napep a bakin shago. Madam Esta ta sauka da guntun ƙafar nan a hannu, ta tsaya daidai inda ta tsaya ranar Talata, ta sa masu walda suka kashe inji.

Ta ɗaga katakon sama ta ce, "A nan na ɓata suna na wannan mutum, a nan zan gyara. Ku zo ku duba ciki."

Aka yi ta karɓa hannu zuwa hannu, kowa ya duba jan cikin, ya juya ya karanta sunan. Ni kam alfahari ya cika ni har idona ya kawo ruwa, kuma ban ɓoye ba.

Baba bai ɗago kai ba, yana ta goga samfefa kamar ba da shi ake ba. Ni kaɗai na lura cewa katakon da yake gogewa tun jiya ya gama shi.